Yadda Injiniya Ya Gyara Filin 'Yan Gangare

Tun farko bari in cire muku shakka: mutumin nan ba injiniya ba ne. Sati uku ya taɓa yi yana riƙe wa masu awon titi sanda, a sati na huɗu suka gano tun ranar farko a juye yake riƙe ta, suka sallame shi. Ya dawo layinmu da hular kwano mai tsaga, da tef ɗin awo wanda farkonsa ya gutsure, sai daga lamba arba'in yake farawa, ya ce daga yau a kira shi Injiniya. Mu don tsiya muka kira shi. Shi kuwa ya amsa da zuciya ɗaya.

Matarsa ta fi kowa sanin hannunsa. Teburinsu ya taɓa yin ɗingishi, ƙafa ɗaya ta ɗan gaza. Ya ɗauko zarto ya rage sauran ukun, sai ya ga ya zarce, ya koma ya rage ta farkon. Yau a zaune a ƙasa suke cin abinci a kan teburin nan, kuma har gobe yana ɗingishi.

Layinmu layin masu sana'a ne, shago na jingine da shago. A bayan shagunan akwai fili, katanga ta kewaye shi, ƙofarsa ɗaya daga sama. Fili na ce don ban da wata kalma. Idan ka ajiye ƙwallo a ragar sama ka juya ka yi atishawa, sai dai ka gangara ka ɗauko ta a ragar ƙasa. Shi ya sa ake kiran kulob ɗinmu 'Yan Gangare. Mutum goma sha uku ne kaf, har da koci, wato Baba Mai Faci, wanda ya kafa kulob ɗin tun yana da haƙora. Kyaftin shi ne Mai Walda, yayan matar Injiniya. Tela ne mai bugun tazara, Mahauci kuma yana tsaron raga.

Ban da waɗannan muna da wasu 'yan wasa uku da ba sa cikin rajista. Akwai Kawu, wani tudu a rabin sama, wanda in Tela ya auna masa ƙwallo sai ta yi tsalle ta lanƙwasa ta shige raga ta hagu, golan baƙi yana can dama yana rungumar iska. Akwai Kasko, wani kwari a gaban ragar ƙasa, inda ƙwallo mai gudu ke zuwa ta zauna kamar an ba ta kujera. Sai Saiwa, ta tsohon mangwaron da ke gefen Kawu, wadda ta ratso cikin fili tana kwance. Mu tsallake ta muke ko ido a rufe. Baƙo kuwa sai ya gaishe ta da haɓa.

A ka'idar gasar kofin da muka shiga, ƙaramin kulob ne ke karɓar baƙi a gidansa, kuma babu wanda ya kai mu ƙanƙanta. Manyan kulob biyar suka zo da motoci da riguna masu walƙiya, biyar ɗin suka koma suna ɗingishi suna zagin iyayen filin. Sai ga mu a wasan kusa da na ƙarshe, za mu kara da 'yan Kamfani, masu gola uku, da likita, da wani ƙato wanda ba shi da aiki sai murza musu ƙwauri.

To, sai takarda ta zo. Ranar Alhamis da ƙarfe goma jami'ar hukumar kofi za ta duba fili. Abu uku take so ta gani: layi da farar ƙasa, raga marar ɓula, da igiya tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa. In babu, a mayar da wasan filin Kamfani, mai ciyawa shimfiɗe kamar katifa. Kowa a layin ya san ma'anar wannan. Ka fitar da mu daga gangare, ka fitar da kifi daga ruwa.

Baba ya ce 'yan wasa su huta da fili har Alhamis. Da yake kowa na da shago ban da mutum ɗaya, sai ya kira mutum ɗayan ya miƙa masa mabuɗi.

"Abu uku," in ji Baba, yana ɗaga yatsu baƙi ƙirin da dattin taya. "Layi, raga, igiya. Maimaita."

"Haba Baba, ni za a ce wa maimaita? Ni da na fitar da titin da har yau jirgi zai iya sauka a kai?"

"Maimaita."

"Layi, raga, igiya."

Mai Walda ya ɗaga gilashinsa na walda ya kalli Baba. "Gara ka ba akuya mabuɗin nan. Ita dai ciyawa kawai za ta ci."

"Yaya Kyaftin, hassada ga mai rabo taki ce."

"Kada ka ce min yaya. Ƙanwata aka ba ka, ba ni ba."

Injiniya ya rataya mabuɗi a wuya kamar lambar girma. Ya shiga fili ya kulle ƙofa ta ciki, ya cika gorar roba da ruwa rabi, ya kwantar da ita a ƙasa, shi ma ya kwanta yana leƙen ruwan da ido ɗaya. Ya tashi yana girgiza kai. Shekara goma yana kallon wasa a wurin, amma ranar ce ya gano filin ba a miƙe yake ba.

"Madam," ya ce wa matarsa da ya koma gida, "an ba ni kwangilar da za ta fitar da layin nan kunya."

Tana yankan albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Me aka ce ka yi?"

"Abin da aka ce daban, abin da ilimi ya ce daban. Za a zo da kyamara. Duniya ta ga tudu da kwari da saiwa, a ce ina injiniyan unguwar? Zan kwashe tudu in cike kwari. Tsuntsu biyu, dutse ɗaya. Ranar Alhamis in kika ajiye ƙwai a tsakiyar filin nan, nan zai kwana."

"Me aka ce ka yi?"

"Layi, raga, igiya. Aikin minti goma. Shi ne ƙarshe."

"Tebur ma haka ka ce."

"Tebur katako ne marar kyau."

"Maigida, Yaya yana da guduma, kuma ni kayan takaba ba sa min kyau. Ka yi abin da aka sa ka."

Ranar Litinin da safe aka fara jin sara daga bayan katanga. Tela, wanda shagonsa ya fi kusa, ya tsayar da keke ya je ya buga ƙofa.

"Injiniya, me ake sara?"

"Turakun igiya nake fiƙewa!"

"Turaku nawa? Tun hantsi nake ji."

"Ka taɓa ganin na leƙo shagonka na tambaye ka maɓalli nawa? Kowa ya tsaya a iliminsa!"

Tela ya koma kan kekensa. Kafin la'asar Saiwa ta rabu da uwarta. Injiniya ya naɗe ta a buhu ya kai wa matarsa, wai ya samo mata itace.

Ranar Talata ya taso wa Kawu da diga da shebur da baro. Baron farko da ya cika, yana ɗaga hannuwansa sai baro ya tuna a gangare yake. Ya ja Injiniya a guje tun daga sama har ƙasa, ya kife a Kasko, ya ajiye shi a kai. Ya tashi ya kakkaɓe, ya ce wannan ita ce dabarar, ƙasa tana kai kanta. Na biyu ma haka. A na bakwai gwiwoyin wandonsa sun tafi, amma Kawu ya koma rabi.

Abin da Injiniya bai taɓa tambaya ba shi ne, me ya sa tudu zai tsiro shi kaɗai a tsakiyar fili. Dattawan layin duk sun sani. Babban bututun ruwan unguwa ne ya bi ta nan, aka tara masa ƙasa don kada a taka shi. Da azahar diga ta sauka, aka ji ƙarfe ya amsa.

"Dutse," in ji Injiniya. Ya tofa yawu a hannu ya ƙara mata ƙarfi.

Ruwan da ya taso sai da ya ɗauke hular kwano ya wurga ta bayan katanga, ta faɗo a gaban shagon Mai Aski. A daidai lokacin famfon Mai Aski ya yi tari ya ɗauke, ga mutum a kujera da kumfa har gira. Famfon Mahauci ya ɗauke. Na gidaje suka ɗauke. Mata suka fito da bokitai suna tambayar juna, sai suka ɗaga kai suka ga ruwa ya miƙe sama da katanga yana sheƙi a rana, har da bakan gizo.

Mai Walda bai buga ƙofa ba, cire ta ya yi. Layin gaba ɗaya ya bi bayansa, har mai kumfa a kai, wanda ya wuce kowa ya je ya tara kansa ya wanke.

Muka tarar da Injiniya zaune a kan ɓular bututu yana ƙoƙarin toshe ta da mazaunansa, ruwa na fita ta wuyan rigarsa. Ƙorama ta gangara ta cika Kasko, jar ƙasar Kawu ta narke a ciki ta zama kunu.

"Kada kowa ya firgita!" ya yi ihu. "Ban-ruwa ne! Duk babban fili yana da shi!"

"Ina Kawu?" in ji Mai Walda, muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi tsawa ban tsoro.

"Rabinsa yana nan, rabi yana can. Ba a rasa komai ba, wuri ya canza."

Sai aka ji salati daga gindin mangwaro. Tela ne a durƙushe gaban ramin da Saiwa ta bari, ya ɗora hannu biyu a ka. "Shekara tara! 'Yan baya nawa ta kayar mana? Ko katin gargaɗi ba a taɓa ba ta ba! Me ta yi maka?"

"Tana hana ci gaba."

"Ci gaban wa? Na baƙi take hanawa, ɗan asara!"

Wata dattijuwa mai bokiti biyu ta ce, "Ku ɗaga shi daga kan ruwan mutane, da shi za mu yi girki."

Mai Walda ya ɗaga shi da wuyan riga, ƙafafunsa na lilo. Da ba don ƙanwarsa ta shiga tsakani ba, da labarin nan a nan ya ƙare.

"Yaya, don Allah ka sauke shi. In ka kashe shi yanzu, wa zai kwashe taɓon?"

Baba Mai Faci ya aika aka ɗauko robar cikin taya, ya tsuguna ya ɗaure bututun tam kamar yadda yake ɗaure komai a duniya. Ya miƙe ya duba sama, ya ce rana tana da ƙarfi, in ba a taɓa Kasko ba zai tsotse kafin Alhamis. Layi da raga da igiya kuwa, 'yan wasa za su yi da kansu ranar da safe. Sannan ya buɗe tafin hannu.

"Mabuɗi."

Injiniya ya cire daga wuya ya miƙa, har da ɗan hawaye. Mai Walda ya mayar da ƙofa ya liƙe ta, aka kulle. Kowa ya koma shagonsa da sanyin rai. Wautar da muka yi ke nan, kuma ina cikin waɗanda suka yi ta. Ba mu tambayi kanmu ba, yaushe mutumin nan ya taɓa miƙa abu ba gardama?

"Injiniya ba ya yawo da mabuɗi ɗaya," ya gaya wa matarsa, yana zaro wani daga cikin safa. "Tun Litinin na yanka."

"Ka kai wa Baba."

"Madam, an kunyata ni gaban mata da bokitai. Likita ya fara tiyata, a kore shi ciki a buɗe? Abu biyu ya rage, a busar, a danne."

"Abu ɗaya ya rage, in koma gidanmu."

Ranar Laraba ya wuni yana kwasar garin katako a bayan shagon Kafinta, wai zai fara kiwon kaji. Ya samo tsohon duro, ya huda shi gaba da baya, ya zura masa ƙarfe. Alhamis gari na wayewa ya shige fili. Ya zazzage buhu goma sha biyu a kan ruwan Kasko, garin katako ya yi iyo ya rufe shi ruf, ya yi kyau kamar sabuwar tabarma. Ya mirgina duro gindin mangwaro ya ɗura masa jiƙaƙƙiyar ƙasa har baki. Igiyar da aka saya don 'yan kallo ya ɗauko. Baki ɗaya ya ɗaura wa duro, ya zagaya da ita bayan mangwaro, ɗaya bakin ya ɗaura a ƙugunsa. Wai zai riƙa sassautawa a hankali, duro na gangara yana danne ƙasa. Ya sa dutse ya tokare shi, ya tsaya jiran masu kallo, don Injiniya ba ya aiki ba shaidu.

Ƙarfe takwas 'yan wasa suka zo da buhun farar ƙasa, suka tarar da ƙofa a kulle ta ciki da sakata.

"Buɗe!"

"Sai jami'a ta zo! Ba a buɗe aiki kafin babban baƙo!"

Mai Walda ya tafi ɗauko kayan aiki, sai ya tarar da ƙofar da ya liƙe da hannunsa ta fi ƙarfin gaggawa. Yana cikin fama da ita motar jami'a ta tsaya. Mace ce gajera, da fayil a hammata, da fuskar wadda ta ga ƙarya iri-iri ta gaji. Sai ga sakata ta zare da kanta, Injiniya ya bayyana da hular kwano, da tef a hannu, da igiya a ƙugu tana jan ƙasa a bayansa kamar wutsiya.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa. Ni ne injiniyan aikin."

Ta dube shi, ta dubi tef ɗin. "Wannan daga arba'in yake farawa."

"Na zamani ne. Ƙananan lambobi an daina yayinsu."

"Shekara goma sha biyar ina awon titi ban gamu da shi ba." Ta ƙara matsowa tana kallon tsagar hular. "Tsaya. Ba kai ne mai riƙe mana sanda a juye ba? Kai ka sa muka gina kwalbatin da ruwa ke hawa sama!"

Layi ya kwashe da dariya. Injiniya ya ce wani ne mai kama da shi.

"To, mai kama da shi, ina layi?"

"Yana tafe."

"Raga?"

"Tana hanya."

"Igiya?"

Kowa ya kalli ƙugunsa.

"Ranki ya daɗe, waɗannan ƙananan abubuwa ne. Na kawar da tudu, na cire saiwa, kwari kuma dubi can, kamar tafin hannu."

Ta buɗe fayil. "Ka'ida shafi tara ce. Babu inda ta hana tudu, babu inda ta hana gangare. Wa ya aike ka?"

Mahauci kuwa ya hango gaban ragarsa ya yi lumui, abin da bai taɓa gani ba, sai daɗi ya kama shi. Ya ruga ya gwada wurin. Taku biyu ya yi a kan garin katako, a na uku ya nutse har ƙugu.

"Bai gama dannuwa ba ne!" in ji Injiniya. "Ku ja baya ku ga ilimi!"

Ya sa ƙafa ya ture dutsen.

Duro mai cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fi Injiniya nauyi sau huɗu, lissafin da tef ɗinsa bai kai ba. Duro ya yi ƙasa, igiya ta miƙe, Injiniya ya yi sama a guje ba da son ransa ba, ya je ya rungume mangwaro da fuska. Nan ya manne, igiya na ƙara, duro na ja. Mangwaron da aka sare wa babbar saiwa, aka kuma jiƙa gindinsa wuni guda, ya yi wani nishi irin na tsoho zai tashi daga tabarma. Ya karkata. Muka watse. Ya kwanta a kan ragar sama, ya mayar da turakunta tabarma.

Faɗuwarsa ta saki igiya. Duro ya samu 'yanci, ya ɗauki Injiniya a kan cikinsa, suka gangara tare, yana ihu yana kiran Madam. Mahauci ya ga abin da ke tahowa, ya yi tsallen da bai taɓa yi wa ƙwallo ba. Duro ya faɗa Kasko, taɓo da garin katako suka tashi suka sauka a kan duk wanda ke wurin, ya fita ta ɗaya gefen ya tafi da ragar ƙasa, sai katanga ce ta tsayar da shi. Injiniya ya tsaya a tsakiyar Kasko, kai kaɗai a waje.

Jami'a ta share taɓo daga fayil da gefen hannu, ta yi rubutu layi ɗaya.

"Filin Kamfani, ranar Asabar."

Baba ya cire hularsa ya riƙe. Daga cikin taɓo aka ji murya: "Amma dai kun ga inda duron ya bi ya kwanta?"

Matarsa ce ta riƙe Mai Walda. Mu huɗu muka riƙe Tela.

Asabar muka je filin Kamfani kamar masu rakiyar gawa. Abin da ya faru a rabin farko, ko maƙiyi ya ji tausayi. Shekara goma ƙafafunmu sun saba auna ƙwallo sama da mutum don gangare ya kawo masa ita. A nan babu mai kawowa. Duk ƙwallon da muka buga sai ta tafi inda aka aike ta, wato wajen 'yan kallo. Ɗan bayanmu yana tsaka da gudu sai ya daka tsalle a fili fetal, yana tsallake Saiwar da ba ta nan. Mahauci ya ga ƙwallo na tahowa, ya tsaya jiran ta zauna a Kasko, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Tela ya samu bugun tazara, ya auna Kawu, ƙwallo ta gangara salin-alin ta gaishe da golansu. Aka tafi hutu suna da biyu, muna da kunya.

A ɗakin hutu Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya gaji?"

Suka kalli juna. Ba mai haki ko ɗaya.

"Yaya Kyaftin," in ji ɗan baya, "ni fa tun ɗazu jira nake a fara hawan."

"Babu hawa, 'ya'yana," in ji Baba. "Shekara goma kuna gudu a kan tudu, waɗancan a kan katifa. Ku daina wayo. Ku buga wa mutum a ƙafarsa, ku yi ta gudu har su roƙe ku."

Haka aka yi. Minti ashirin da dawowa 'yan Kamfani suka fara dafa gwiwa, mai murza ƙwauri ya rasa wanda zai fara da shi. Mai Walda ya farke ɗaya da kai. Ana saura minti uku Mai Aski, ɗan gabanmu, ya tsere wa 'yan baya biyu kamar an kunna masa inji, ya farke ta biyu. Aka tashi kunnen doki. Ka'ida kuma ta ce a sake wasa bayan sati biyu a gidan ƙaramin kulob, in filinsa ya ci jarrabawa.

Washegari Baba ya kira Injiniya, ya miƙa masa shebur.

"Abu uku. Kawu, Kasko, Saiwa. Yadda ka same su. Maimaita."

Ban taɓa ganin aiki mai masu duba goma sha uku da lebura ɗaya ba sai wannan. Aka sassare mangwaro aka kwashe, Mai Walda ya tayar da turaku. Saiwa kuwa, matar Injiniya ta fito da ita daga bayan murhu ko ƙwarzane babu, ta ce tun da ta gan ta a buhu ta san gawar wani ce. Aka mayar da ita raminta, Tela na tsaye yana cewa a ɗan juya kanta gabas. Mahauci ya kwanta a Kasko ya ce da can kafaɗarsa ba ta taɓa nan, a ƙara kwashewa. Shi kuwa Kawu, da baro Injiniya ya riƙa dawo da shi, wannan karon daga ƙasa zuwa sama, inda ƙasa ba ta kai kanta. Duk yamma Tela zai ajiye ƙwallo ya auna. Rana ta farko ta tashi ta bugi hular kwano.

"Saura yatsa huɗu. Ƙaro."

Rana ta biyar ta bugi turke.

"Ka zarce. Rage."

"Kada ku bar shi ya rage!" matar Injiniya ta yi ihu daga bakin ƙofa. "Ku tambayi teburina!"

Rana ta tara ƙwallo ta taɓa Kawu, ta yi tsalle, ta lanƙwasa, ta shige ta hagu. Tela ya je ya shafa tudun kamar kan ɗansa. Layi da raga da igiya kuwa, minti goma suka ɗauka, kamar yadda Injiniya ya faɗa tun farko. Jami'a ta zo ta duba, ta sa hannu, ta ce a ɗaure mata wancan mutumin har ta shiga mota.

Ranar wasa Saiwa ta gaisa da 'yan Kamfani uku. Kasko ya zaunar da ƙwallo biyu da suka yi niyyar shiga. Ana saura minti goma muka samu bugun tazara a rabin sama. Golansu ya jera mutum biyar, ya tofa yawu a safar hannu. Tela ko ragar bai kalla ba. Ɗaya da nema, haka aka tashi.

Layi ya ɓarke, aka ɗaga Tela sama. Sai muka ji wata murya ta fi ta kowa. Injiniya ne a tsaye a kan Kawu, da hular kwano, yana dukan ƙirji.

"Ni na ci! Tela bugawa kawai ya yi! Wa ya gina tudun? Baro arba'in da ɗaya, da hannun nan! Ku nemo min wani injiniya a duniya da tudunsa ya ci ƙwallo!"

Mai Walda ya buɗe baki, ya rufe. Baba ya buɗe baki, ya rufe. Ni da ba a taɓa rufe min baki a layin nan ba, na laluba sama da ƙasa ban samu abin cewa ba. Shekara goma sha biyu mutumin nan yana shara mana ƙarya muna dariya, abinmu lafiya lau. Yanzu kullum yana zaune a bakin shagon Mai Aski yana ba baƙi labarin ƙwallon da ya ci, kuma abin da ke ƙona min rai har yau shi ne, wannan karon gaskiya yake faɗa.